Yadda ake samun shaidar harba manyan rokokin sha'awa a Amurka

Jarrabawar harba roka mai babban ƙarfi ba a auna ta da nisan da rokar ta yi a sama. Wanda zai sa maka hannu a takarda yana kallon tashinta, amma hukuncinsa yana jiran lokacin da ka ɗauko ta daga inda ta sauka ka miƙa masa, ya jujjuya ta, ya girgiza fikafikanta, ya leƙa ya ga ko injin yana nan a mazauninsa, sannan ya duba ko za a iya sake harba ta a yinin nan ba tare da wani gyara ba. Duk shawarar da zan bayar a nan daga wannan ta samo asali. Bayanin kuma na Amurka ne, inda wannan harka take da ƙungiyoyi da dokoki da filaye na musamman. Wanda yake wata ƙasa dole ne ya bi dokar ƙasar da yake, kada ya ɗauka cewa izinin da ake bayarwa a can ya shafe shi.

Iyakar da ke tsakanin ƙaramar roka da babba

Ana rarraba injinan roka da haruffa gwargwadon jimlar turin da suke bayarwa daga kamawar wuta zuwa mutuwarta, kuma ma'aunin shi ne niyuton-daƙiƙa, wato ƙarfin turi (da ake aunawa da niyuton) sau daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. Injin A bai wuce 2.5 ba, B ya kai 5, C ya kai 10, haka ake ta ninkawa har zuwa G wanda ya tsaya a 160. Daga nan ne babban ƙarfi ya fara: H yana tsakanin 160 da 320, I ya kai 640, J ya kai 1,280, K ya kai 2,560, L ya kai 5,120, M ya kai 10,240, N ya kai 20,480, O kuma ya tsaya a 40,960. Shaidar mataki na farko tana ba ka damar sayen H da I, mataki na biyu J da K da L, mataki na uku kuma M da N da O. Akwai wasu iyakoki da ake yawan mantawa da su: injin da matsakaicin turinsa ya wuce niyuton 80 yana shiga sahun manya ko da harafinsa G ne, kuma rokar da nauyinta ya haura giram 1,500 ko makamashinta ya haura giram 125 ta fita daga ajin ƙananan rokoki a wurin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, saboda haka ba a harba ta sai a filin da yake da izini a rubuce.

Shiga ƙungiya

Ƙungiyoyi biyu ne suke ba da wannan shaida a Amurka. Ta farko ita ce National Association of Rocketry, wadda aka fi sani da NAR, an kafa ta a 1957. Ta biyu ita ce Tripoli Rocketry Association, wadda ta faro a 1964 a matsayin kulob ɗin kimiyya na ɗaliban sakandare a jihar Fensilbaniya kafin ta zama ƙungiyar manyan rokoki. Kowace tana amincewa da shaidar 'yar'uwarta, kuma kuɗin zama ɗan ƙungiya ya haɗa da inshora, don haka shawarata ita ce kada ka ɓata lokaci kana auna wadda ta fi. Ka nemi reshen da ya fi kusa da garin da kake, wanda yake da fili mai izinin FAA, ka shiga ƙungiyar da reshen yake ƙarƙashinta. Cikakkiyar shaida sai wanda ya cika shekara 18, amma NAR tana da tsari na matasa 'yan shekara 14 zuwa 17 waɗanda suke harbawa ƙarƙashin kulawar babba mai shaida, Tripoli ma tana da nata tsarin horar da matasa. A Birtaniya ƙungiyar UKRA ce take wannan aiki, Kanada ma tana da tata ƙungiyar da nata matakan.

Kafin ka sayi komai, ka halarci ranar harbi sau ɗaya ko biyu hannu rabbana, ba ka ɗauke da roka. Gani ya kori ji. Za ka ga inda ake ajiye motoci, da layin da ba a tsallakewa, da yadda ake shiga da fita wurin sandunan harbawa, za ka kuma gane waɗanda suke da ikon shaida jarrabawa. Ka gabatar da kanka gare su, ka gaya musu niyyarka. Yawancin masu wannan harka dattawa ne da suka shekara da shekaru suna yinta, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙi buɗe wa sabon shiga akwatin kayansa ba. Idan ba ka taɓa harba komai ba, ka fara da injinan F da G na 'yan watanni, domin yadda ake naɗe laimar da take sauko da roka a hankali da yadda iska take jan roka duk ɗaya ne, sai dai kuskure a nan ba ya cin kuɗi da yawa.

Zaɓen roka da gina ta

A nan ne zumuɗi yake kayar da mutane. Sabon shiga yakan so siririyar roka mai sheƙi wadda za ta ɓace wa ido, alhali rokar da ta ɓace wa ido ita ce mai wuyar dawowa hannu. Don jarrabawa ka zaɓi mai kauri, mai ɗan nauyi, wadda ba za ta yi nisa ba: gangar jiki ta kwali mai ƙarfi da faɗinta ya kai santimita 10, tsawo mita ɗaya da 'yan kai, fikafikai uku ko huɗu na katako, inji guda, laima guda, ba tare da wata na'urar lantarki ba. Kamfanoni irin su LOC Precision da Madcow da Apogee suna sayar da irin wannan a cikin kwali sai haɗawa, kuma doka ta yarda da hakan muddin kai ne ka haɗa ta da hannunka. Irin wannan roka da injin H matsakaici takan tsaya tsakanin mita 250 da 450, inda kowa yake ganinta daga tashi har sauka.

Injinan suna zuwa da faɗi sananne: milimita 29, 38, 54, 75 da 98. Idan ka zaɓi roka mai mazaunin inji na milimita 38, kana iya sa injin 29 a ciki da bututun ragewa, kuma rokar za ta ci gaba da yi maka amfani bayan jarrabawa.

Wajen ginin, abubuwa huɗu ne suke buƙatar natsuwa. Fikafikai dole su ratsa bangon gangar jiki su manne da bututun inji na ciki, ba a liƙa su a fatar waje kawai ba. Ka goge wurin da sanfefa kafin ka sa gam, ka yi amfani da gam ɗin efoksi mai jinkirin bushewa ko gam ɗin katako mai kyau, sannan ka cike kusurwar da ke tsakanin fiffike da jiki ciki da waje. Kada ka yi ambaliyar gam da tunanin ƙara ƙarfi, domin duk giram ɗin da ka ƙara a gindin roka yana ja da cibiyar nauyinta baya, wanda shi ne abin da ba a so. Na biyu shi ne abin riƙe inji: ko zobe mai zare da ake murzawa, ko ƙananan maƙalai na ƙarfe da kusoshi. Injin da aka cusa da salatif kawai yana iya tsalle ya fita ta baya lokacin da albarushin fitar da laima ya tashi, laima ta zauna a ciki, roka ta dawo da ka. Na uku shi ne igiyar da ta haɗa hanci da gangar jiki: ta kasance ta nailan mai ƙarfi ko ta Kevlar, tsawonta ya ninka tsawon rokar sau uku zuwa biyar, a ɗaure ta a zoben ƙarfe da aka kafa a katakon da ke riƙe bututun inji. Gajeriyar igiya tana fizgar bakin gangar jiki ta tsaga shi kamar an ja zik, kuma wannan tsaguwar idan ta yi tsawo tana kayar da mutum a jarrabawa. Na huɗu shi ne maɓallan da rokar take zamewa da su a kan sandar harbawa. Ka tambayi reshenka irin sandar da suke da ita, ko da yake wadda ake kira 1010 ita ce gama-gari ga roka mai wannan girma. Ka kuma huda ɗan ƙaramin rami a gangar jiki domin iskar ciki ta daidaita da ta waje, kada matsin ciki ya ture hancin tun roka tana hawa.

Daidaito da lissafin tashi

Roka tana da wurare biyu da dole ka sani. Cibiyar nauyi ita ce inda rokar take tsayawa daidai idan ka ɗora ta a kan yatsa ko ka rataye ta da igiya, kuma ana auna ta ne bayan an sa inji da laima da komai. Cibiyar matsin iska kuwa lissafa ta ake yi daga siffar hanci da jiki da fikafikai, bisa hanyar da James Barrowman ya fitar a shekarun 1960. Ƙa'idar ita ce cibiyar nauyi ta kasance gaba da cibiyar matsin iska da tazarar da ba ta gaza faɗin rokar sau ɗaya ba. Sau ɗaya da rabi zuwa biyu ya fi kwantar da hankali. Idan tazarar ta gaza, roka takan yi tsalle-tsalle a sama ba alƙibla. Idan ta yi yawa ƙwarai, roka takan karkata ta fuskanci iska tun tana barin sanda. Maganin ƙarancin tazara shi ne ƙara nauyi a cikin hanci, a manne shi sosai. Ka sa alama da alƙalami a jikin rokar a inda cibiyar matsin iska take, domin jami'in da zai duba ta zai tambaya.

Manhajar OpenRocket kyauta ce, kuma ta isa wannan aiki. Ka shigar da ma'aunin rokarka, amma ka auna ainihin nauyinta a sikeli ka gyara na cikin manhajar, saboda rokar da aka gina kusan kullum ta fi ta cikin kwamfuta nauyi. Abubuwa uku kake nema daga lissafin: tsayin da za ta kai, saurin da za ta bar sanda da shi, wanda ake so ya kai kimanin mita 15 a daƙiƙa domin fikafikai su sami iskar da za su yi aiki da ita, da kuma daƙiƙoƙin da za ta ɗauka daga mutuwar wuta zuwa ƙololuwa.

Sunan inji yana ɗauke da bayaninsa. A H128W na kamfanin AeroTech, H shi ne ajin jimlar turi, 128 shi ne matsakaicin turi da niyuton, W kuma nau'in makamashi ne mai farin harshen wuta. Lambar da ake ƙarawa a ƙarshe ita ce jinkiri da daƙiƙa kafin albarushin fitar da laima ya tashi. Dokar kiyaye haɗari ta ce turin inji ya ninka nauyin roka aƙalla sau uku, amma masu harkar sun fi aiki da sau biyar. Rokar da take da kilo ɗaya da rabi tana da nauyin kusan niyuton 15, don haka injin 128 ya ninka ta fiye da sau takwas, ya wadatar.

Jinkirin nan shi ne wurin da na fi so a dakata a kai, domin shi ne ya fi lalata jarrabawa. Wutar inji irin H128W tana mutuwa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, amma roka tana ci gaba da hawa da ƙarfin da ta samu na wasu daƙiƙoƙi, tana rage gudu har ta tsaya ta fara karkata. A daidai wannan lokacin ake so laima ta fito, lokacin da gudun ya kusa ƙarewa. Idan ta fito da wuri ko ta makara da daƙiƙa uku ko huɗu, za ta buɗe ne cikin gudu, sai igiya ta tsaga jiki ko laimar ta yage. Injina da yawa suna zuwa da dogon jinkiri, ana rage shi da wani ɗan abin huda da kamfanin yake sayarwa, kuma abin huda na wani kamfani ba ya aiki ga injin wani. Ka ɗauki adadin da manhaja ta ba ka, ka nuna wa wanda ya taɓa harba irin rokarka, sannan ka huda a gabansa.

Girman laima kuma ana zaɓensa ne don roka ta sauko da gudun mita 4.5 zuwa 6 a daƙiƙa. Ga roka mai kilo ɗaya da rabi, laima mai faɗin kusan mita ɗaya ce. Babbar laima tana sauke roka a hankali, amma tana ba iska lokacin tafiya da ita. Rokar da take saukowa daga mita 400 da gudun mita 5 a daƙiƙa za ta yi daƙiƙa 80 a sama, kuma iska mai gudun mita 5 a daƙiƙa za ta kai ta nisan mita 400 daga inda ta tashi. Ka yi wannan lissafin kana tuna inda itatuwa da wayoyin lantarki suke a filinku.

Sayen inji

Wanda ba shi da shaida an yarda ya sayi inji guda ɗaya don jarrabawarsa. Inji dole ya zama na kamfani, wanda aka gwada aka amince da shi. Ba a jarrabawa da injin haɗin gida. Akwai wanda ake harbawa sau ɗaya a jefar, akwai kuma mai kwanson alminiyum da ake sake cikawa. Ga jarrabawar farko na fi son na jefarwa, ko irin na kamfanin Cesaroni wanda makamashinsa yake zuwa a haɗe sai zurawa cikin kwanso, domin mai zobban roba da yawa yana buƙatar a bi takardar umarni layi bayan layi, kuma zobe ɗaya da aka sa ba daidai ba yana iya fasa injin. Fashewar inji ba ta zama cin jarrabawa ko da laifin ba naka ba ne. Aika inji ta gidan waya ko kamfanin dakon kaya yana da ƙarin kuɗin kaya masu haɗari, shi ya sa ya fi sauƙi ka yi oda wurin ɗan kasuwar da yake zuwa filin, ka karɓa a can. A da hukumar ATF, mai kula da bindigogi da abubuwa masu fashewa, tana lissafa makamashin waɗannan injina cikin abubuwa masu fashewa, sai da NAR da Tripoli suka kai ƙara, kotun tarayya ta yanke hukunci a 2009 cewa a cire shi daga wannan jerin, abin da ya sauƙaƙa saye da ajiya ƙwarai.

Ranar harbi

Ka sanar da mai shaida tun mako ɗaya ko biyu kafin ranar, kada ka tare shi da takarda a fili. A Tripoli shugaban reshe ne ko ɗan kwamitin fasaha yake shaida, a NAR kuma 'yan ƙungiya ne da suke da shaidar da ta dace. Ka zo da katin ƙungiya, da takardar neman shaida a cike, da sakamakon lissafinka a buge, da ruwan sha mai yawa da hula, domin filayen nan ko gonaki ne da aka girbe ko busassun tafkuna irin na Lucerne a Kalifoniya, inda babu inuwa. Ka iso da sassafe, saboda iska takan yi laushi da safe ta ƙaru bayan azahar, kuma taron bayanin farko shi ne inda ake faɗin tsayin da izinin FAA ya ƙayyade a ranar da wuraren da ba a shiga.

Reshe ne yake neman wannan izini tun kwana 45 ko fiye kafin lokaci, kuma izinin da dokokin ƙungiyoyin suna da sharuɗɗan da ba a sassautawa. Ba a harbawa idan iska ta wuce mil 20 a sa'a, wato kimanin kilomita 32. Ba a harbawa cikin gajimare, ko idan gajimare ya rufe fiye da rabin sama a tsayin da roka za ta ratsa, ko idan ba a iya hangen nisan mil 5. Sandar harbawa ba ta karkata fiye da digiri 20 daga tsaye. Mutane suna tsayawa aƙalla ƙafa 100 daga injin H ko I ko J, ƙafa 200 daga K, 300 daga L, 500 daga M. Ba a shan taba ko kunna wuta a tazarar ƙafa 25 daga inji. Idan jami'i ya dakatar da harbi saboda jirgi ya gitta, kowa zai jira, komai kusancin ƙidayar da ƙarshe.

Ka shirya rokarka a teburinka ba tare da hira ba, kana bin jerin da ka rubuta tun a gida. Ka duba ƙullin igiya a ɓangarorin biyu. Ka naɗe laima yadda za ta zame da kanta idan ka kifa gangar jiki ka girgiza, ka lulluɓe ta da ƙyallen da ba ya cin wuta, kada wani gefenta ya leƙo ta wajen inji. Hanci ya shiga da ɗan tauri: idan ka ɗaga rokar ta hancin kada ya zare nan take, amma kada ya yi tsaurin da sai da ƙarfi. Ka sa inji, ka ɗaure mariƙinsa, ka tabbata an zuba albarushin fitar da laima an rufe shi idan irin injin da ake zubawa ne. Wayar kunna inji kuwa kada ka sa ta yanzu. Ka manna ta a jikin roka da salatif, ba a zura ta sai a wurin harbawa.

Daga nan sai teburin jami'in kiyaye haɗari, wanda ake kira RSO, ɗauke da katin tashi da ka cike da sunanka da nauyin roka da sunan inji da tsayin da kake tsammani, ka kuma rubuta cewa tashin jarrabawa ne. Zai auna nauyi, ya nemi cibiyar nauyi da hannunsa, ya ja fikafikai, ya yi tambayoyi. Idan ya ce a gyara wani abu, ka koma ka gyara ba tare da musu ba; maganarsa ita ce ta ƙarshe a fili, kuma yana ganin abin da idon mai roka ya saba da shi har ya daina gani.

Idan an buɗe fili, ka kwantar da sanda, ka zura rokar ta maɓallanta, ka tayar da ita ka ɗaure. Ka zura wayar kunnawa har sai kanta ya taɓa ƙarshen ramin makamashi ta sama, ka toshe ta yadda ba za ta zame ba. Kafin ka maƙala wayoyin wuta na fili, ka haɗa bakunansu biyu ka ga ko za su yi tartsatsi, domin ka tabbata babu wuta a layin. Bayan ka maƙala, ka raba su kada su taɓa juna ko ƙarfen sanda, ka gwada ko layin ya haɗu, ka koma bayan layin tsaro. Mai kula da harbi zai karanta katinka a lasifika, ya duba sama da fili, ya ƙidaya daga biyar. Idan inji bai kama ba, ba a matsawa kusa sai an cire mabuɗin wuta an jira aƙalla daƙiƙa 60, kuma rashin kamawa ba faɗuwa ba ne, sauya waya kawai ake yi.

Idan ta tashi, ka bar ɗaukar hoto ga wani. Ka bi ta da ido har ƙasa, ka riƙe wata alama a can nesa da ta yi daidai da inda ta sauka, itace ko turken lantarki, ka jira a ba da izinin shiga fili, sannan ka miƙe kan wannan layin, domin roka kusan kullum ta fi nisan da ido ya ƙiyasta. Idan ta maƙale a wayar lantarki kada ka kusance ta ko da sanda, a kira kamfanin wuta. Ka kawo ta wurin mai shaida yadda ka same ta, ba ka cire inji ba, ba ka gyara komai ba. Ƙujewar fenti ba ta hana ci, amma karyayyen fiffike ko ɓataccen inji ko laimar da ba ta buɗe ba suna hanawa. Wanda ya faɗi yana iya sake gwadawa, wani lokaci ma a ranar idan yana da wata rokar da wani injin.

Mataki na biyu da na uku

Mataki na biyu yana farawa da jarrabawa a rubuce kan dokokin kiyaye haɗari da ilimin tashi da injina, kuma ƙungiyoyin suna wallafa tarin tambayoyin da ake zaɓowa daga ciki, don haka babu uzurin shiga ba shiri. Sai an ci ta ake harba roka da injin J ko K ko L. Ƙaramin J a cikin roka mai kauri shi ne hanya mafi aminci. Ina ganin bai kamata mutum ya nemi wannan mataki ba sai ya harba H da I sau da yawa, ya kuma koyi fitar da laima da na'urar auna tsayi. A wannan tsarin na'urar tana fitar da ƙaramar laima a ƙololuwa don roka ta sauko da sauri ba tare da iska ta yi nisa da ita ba, sannan ta fitar da babbar a tsayin mita 150 zuwa 300. Ana gwada rabuwar sassan a ƙasa tukuna tare da gwani, kuma ba a kunna na'urar sai roka tana tsaye a kan sanda, kafin a zura wayar kunna inji.

Mataki na uku aiki ne na watanni. Tun kafin ka yanka katako ko faibagilas na farko za ka gabatar da zane da lissafi ga masu duba aikin, wato 'yan kwamitin fasaha biyu a Tripoli ko ɗan kwamitin mataki na uku a NAR, ka riƙa ɗaukar hoton kowane matakin gini, ka kuma tanadi hanyoyi biyu masu zaman kansu na fitar da laima, kowace na'ura da batirinta da makunninta, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta shafi ɗayar ba. Ba kowane reshe ne yake da filin da zai ɗauki injin M ba, shi ya sa masu neman wannan mataki sukan yi doguwar tafiya zuwa wurare irin su Argonia a jihar Kansas, ko hamadar Black Rock a Nebada, ko babban taron shekara na Tripoli da ake kira LDRS, wanda ake sauya masa mazauni daga shekara zuwa shekara. Idan can za ka, ka tabbata masu duba aikinka za su halarta a ranar, ka kuma yi odar injin tun watanni kafin tafiya, domin manyan injina ba kullum ake samunsu a ajiye ba.